Tsara cikin gida ko tafintar kurame: wanne zan karanta?

Wata yarinya ta turo mini wannan tambaya: "Anti, bana na gama sakandare. Tun ina ƙarama nake son jere da gyaran ɗaki, duk bikin da za a yi a danginmu ni ake kira. Ina kuma da ƙane kurma, ni ce bakinsa a gida, ni nake raka shi asibiti. Ina son in karanci tsara cikin gida, ina kuma son in zama tafintar kurame. Za a iya haɗa biyun? In ba za a iya ba, wanne zan ɗauka?"

Ƙanwata, Allah ya sanya albarka a karatun da aka gama, ya kuma raya mana ƙanin naki. A rayuwa za ki iya haɗa su, amma a fom ɗin JAMB ba za ki iya ba, domin taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya. Ɗaya za ki nema wa takarda, ɗayan ki riƙe shi a matsayin sana'ar hannu. Ni ra'ayina, takardar ki nema wa harshen kurame. Na daɗe ina tafinta ina kuma koyarwa, maigidana kuwa mai zanen gine-gine ne, teburinsa da ɗalibansa a gabana suke kullum, don haka duka ɓangarorin biyu na gan su da idona.

Zan fara da abin da ba lalle ki ji daɗinsa ba. Abin da kike yi da ƙaninki a gida, mai yiwuwa bai kai harshe cikakke ba tukuna. Kusan kowane gida mai yaro kurma yana ƙirƙiro alamominsa: wannan tuwo, wannan Baba ya dawo, wannan za ka sha duka. Suna biyan buƙatar gida, amma ba za su kai ki ga fassara bayanin likita a kan ciwon sikila ba, balle tambayoyin alƙali. Maganar kurame harshe ne mai nahawunsa. Tun 1960 wani malami a kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Amurka, William Stokoe, ya nuna wa duniya haka a rubuce. Kowace alama an gina ta ne da siffar hannu, da wurin da aka yi ta a jiki, da motsinta, da inda tafin hannu yake kallo, da abin da fuska take yi. Ki canza ɗaya, ma'ana ta canza, kamar yadda karin sauti yake raba "gari" na mutane da "gari" na tuwo. Fuskar nan kuwa ita ce ke ba 'yan koyo wahala. A harshen da ake koyarwa a makarantun kurame, ɗaga gira shi ne yake mayar da zance tambayar e ko a'a, tsuke gira kuma yana tafiya da tambayar wa, me, ina. Mu da aka tarbiyyantar da mu a kan sunkuyar da kai da kawar da ido gaban manya, sai mun yi yaƙi da kunyarmu kafin mu iya. Kurma in kika kawar da ido daga kansa yana cikin magana, daidai yake da ki toshe kunne.

Sannan a Arewa ba harshen kurame ɗaya za ki tarar ba. Akwai na makaranta, wanda tushensa na Amurka ne. Wanda ya fi kowa yaɗa shi a Afirka shi ne Andrew Foster, baƙar fata kurma na farko da ya gama digiri a Gallaudet a 1954. Ya buɗe makaranta a Ghana a 1957, ya zo Ibadan a 1960, kafin rasuwarsa a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu sama da 30 a ƙasashen nahiyar. Shi ya sa kurman da ya yi makaranta a Kano zai iya ɗan fahimtar takwaransa na Akara, har ma na ƙasashen da Faransa ta raina, inda aka ɗora alamomin a kan Faransanci. Amma ku haɗa shi da kurman Ingila ku gani, ko haruffa ba su zo ɗaya ba: namu da hannu ɗaya ake jera su, nasu da hannu biyu. Akwai kuma namu na gado, maganar hannu, wadda wasu ke kira maganar bebaye. Ba a aji aka koya ta ba, a majalisar kurame take, a kasuwa, a bakin tasha, kuma ta girmi makarantun kurame nesa ba kusa ba. Wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarinta, littafinta ya fito a 2000.

Wannan bambanci ya taɓa kunyata ni. Ina sabuwar gama karatu, ina ji da kaina, aka kira ni wani asibiti saboda wani dattijo kurma da aka kawo daga ƙauye. Na tsaya na jero masa alamomin makaranta tsaf-tsaf, har da haruffa. Yana kallona yana gyaɗa kai. Likita ya ce a gaya masa ƙwaya ɗaya sau 3 a rana bayan cin abinci, na faɗa, ya sake gyaɗa kai. Allah ya taimake ni wani matashi kurma mai sayar da ruwa a bakin ƙofa ya leƙo. Shi ya nuna masa da rana: ya ɗaga hannu gabas, ya kai shi tsakiyar sama, ya sauke shi yamma, kowane wuri ya kai loma baki sannan ya haɗiyi ƙwaya ɗaya. Sai dattijon ya buɗe ido, ya nuna mana abin da ya fahimta da farko: 3 a lokaci guda. Gyaɗa kan da yake yi mini ladabi ne kawai, irin wanda ya saba yi wa masu ji tsawon rayuwarsa don su ƙyale shi. Tun daga ranar ba na yarda da gyaɗa kai, sai na ce a maimaita mini abin da aka gane.

To a ina ake karatun? Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, ita ce uwa a wannan fanni, NCE na shekara 3. A matakin digiri akwai sashen ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Ibadan, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ita ma ta daɗe tana horar da ma'aikata a wannan ɓangare. Sai dai ki shiga da idonki a buɗe: yawancin waɗannan kwasa-kwasai malaman makarantar kurame suke yayewa, ba tafintoci ba. Za ki karanta yadda kunne yake aiki, da yadda ake awon ji, da halayyar yara, da dabarun koyarwa, da tarihin ilimin kurame, har da taron Milan na 1880 inda masu ji suka zauna suka yanke cewa a daina koyar da kurame da hannu a tilasta musu karatun leɓe, abin da ya cutar da su kusan ƙarni guda. Darasin harshen kansa kuwa sa'o'i kaɗan ne a mako. Ba zai ishe ki ba. Waɗanda suka fito da hannu mai kyau su ne waɗanda suka tare a wurin ɗalibai kurame bayan lakca, suka ci abinci tare, aka yi musu dariya, aka gyara musu, har aka raɗa musu suna na alama. Wannan sunan ba ke za ki ba kanki ba, su za su ba ki, kuma sau da yawa daga wani abu na jikinki ko halinki za su ciro shi. Ni nawa wushiryata ce.

Iya harshe kuma daban, tafinta daban. Duk Bakano yana jin Hausa, amma nawa ne za su iya tsayawa gefen mai wa'azi su juya maganarsa nan take? Tafinta tana sauraren jimla ta biyu, tana fitar da ta farko da hannu, tana riƙe da ta ukun da ta fara shigowa. Ana koya miki ki bar 'yar tazara tsakaninki da mai magana don ki kama ma'ana kafin ki ɗaga hannu. Ƙwaƙwalwa tana gajiya da sauri, shi ya sa a dogon taro ƙa'ida ita ce mutum 2 su riƙa karɓar juna kamar bayan kowane minti 20 zuwa 30, duk da a nan sau da yawa mutum ɗaya ake bari ya wuni a tsaye a sallame shi da lemo da kuɗin mota. Abin da ya fi wuya ma shi ne juyowa: kurma yana magana da hannu cikin sauri, ke kina mayarwa baki. A nan ake gane wanda ya zauna da kurame da wanda ya haddace alamomi daga littafi.

Mu a Arewa muna da ƙarin kaya. Alamomin makaranta sun taso ne a jikin Turanci, aikin kuwa da Hausa yake zuwa, wani lokaci da Larabci a ciki. Ki ɗauki huɗubar Juma'a ko tafsirin azumi: malam ya ja aya, ya fassara, ya kawo karin magana, ya yi barkwanci, duk cikin minti ɗaya. Yaya za ki yi da "alhaki"? Yaya za ki yi da "kara" ko "kawaici"? Ba za ki tsaya jera haruffa ba, sai kin san yadda kuramen garin suke faɗar abin a tsakaninsu. Wannan gurbi ne babba, masu cike shi kaɗan ne, mata a cikinsu sun fi ƙaranci. Mace kurma da ta je awo ko ɗakin haihuwa ba ta son namiji ya tsaya mata, haka a shari'ar aure ko ta fyaɗe.

Akwai amana a ciki. Abin da kika gani a ɗakin likita ko ofishin 'yan sanda a nan kike barin sa. Ba kya ƙarawa, ba kya ragewa, ba kya ba da shawara, in kurma ya zagi alƙali sai ki isar da zagin. Saboda haka ne ma ake hana mutum tafinta wa ɗan uwansa a manyan al'amura. Ranar da likita zai faɗi mummunan labari a kan ƙaninki, Allah ya kiyaye, zuciyarki ba za ta bar ki ki faɗa masa yadda aka faɗa ba, kuma shi ma yana girma, akwai abin da ba zai so yayarsa ta ji ba. Kada ki zaɓi wannan karatu don tausayinsa kawai. Kurame ba tausayi suke nema ba, ƙwarewa suke nema, kuma suna gane na bogi cikin daƙiƙa kaɗan. Kin tuna mutumin da aka tsayar gefen Obama a taron jimamin Mandela a Disambar 2013 yana ta wurga hannu babu ma'ana? Kuramen duniya ne suka tona shi tun taron bai watse ba.

Maganar abinci kuwa, dokar hana nuna wa masu nakasa wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ɗora wa asibitocin gwamnati su tanadi hanyar magana da marasa lafiya irin su kurame, an kuma kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, amma ƙofofi suna buɗewa: gidajen talabijin, jami'o'i masu ɗalibai kurame, hukumar zaɓe, ƙungiyoyin agaji. Duk waɗannan takarda suke fara tambaya. Akwai ƙungiyar tafintocin kurame ta ƙasa, ASLIN, da ta kuramen kansu, NNAD, ki nemi reshensu na jiharku tun kina aji ɗaya.

Yanzu ɗaya ɓangaren. Jeren da kika iya gado ne mai daraja. Iyayenmu mata da suke jera kwalla da tasa da langa tun daga ƙasa har rufi, sun san launi da daidaito ba tare da sun shiga aji ba, magina irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da bakan gizonsa sun san yadda ake sarrafa sarari da haske. Amma abin da ake karantawa a jami'a ya wuce zaɓen labule. Shekarar farko zane ne da fensir har yatsu su yi kanta: shimfiɗar ɗaki daga sama, yankakken gefensa, fuskar bango, duka a kan ma'auni, santimita 1 a takarda a madadin 50 a ƙasa. Sai ilimin kayan aiki, wane katako ne gara ke ci, wane tayil ne ke santsi in ya jiƙe, wane fenti ne ke jure danshin damina. Sai awon jikin ɗan Adam: kantar kicin wajen santimita 90 daga ƙasa, ƙofar da keken guragu zai wuce ita ma wajen 90, filin da zai juya 150, gangara kuma duk hawan mita 1 a ba ta tsawon mita 12. Sai haske, sai wayarin da famfo, sai lissafin kuɗin aiki, sai manhajojin zane na kwamfuta: AutoCAD, SketchUp, Revit. Kowane zango kina da aikin da za ki liƙa a bango malamai su taru su yi masa fata-fata a gaban 'yan ajinku. Na sha ganin ɗaliban maigidana sun kwana 2 ba barci saboda wannan. Ki haɗa da cewa karatu ne mai cin kuɗi, kwamfutar da za ta ɗauki waɗannan manhajoji ba ta arha ba ce.

A Najeriya an daɗe ana shiga wannan fanni ta ƙofar zanen gine-gine, ko ta sashen zanen kayan masana'antu irin na Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake koyon zanen yadi da tangaran da gilashi. A ƙarshen 2022 hukumar jami'o'i ta ƙasa ta fitar da sabon tsarin karatu wanda ya ware tsara cikin gida a matsayin digiri mai zaman kansa, sai ki duba ƙasidar JAMB ta shekarar da za ki nema ki ga waɗanda suka fara. In ta hanyar zanen gine-gine za ki bi, sai da lissafi da fiziks. Masu sana'ar suna da ƙungiyarsu, IDAN, tun 2007, amma ƙarfinta a Legas da Abuja yake.

Ga dalilin da ya sa na ce wannan ki riƙe shi da hannu. Hajiyar da za ta ba ki aikin falonta ba za ta ce ki kawo satifiket ba, hoton aikin da kika yi a baya za ta ce ki turo mata a WhatsApp. Gani ya kori ji. Kuma rabin sana'ar ba a aji take ba: sanin farashin yadi a Kantin Kwari da na kayan gini a Ƙofar Ruwa, sanin kafintan da ke cika alkawari, iya tsayawa kan mai POP da mai fenti ba tare da sun raina ki don kina mace ba, iya karɓar kafin alƙalami kafin ki taɓa aljihunki. Wannan a hutun zango za ki koye shi, ki liƙe wa wata mai sana'ar ki riƙe mata tef, da dare ki koyi SketchUp. Iyakarki dai ki san iyakarki: bango ba ki fasa shi, ginshiƙi ba ki taɓa shi, sai da injiniya. Shi kuwa harshe ba a koyonsa a hutu. Yana son shekaru a jere cikin masu shi, kuma hannu da ido sun fi saurin ɗauka a shekarunki na yanzu. In kuwa kin auna zuciyarki kin ga gini ne ke hana ki barci, kina kuma da lissafin, to ki juya shawarar tawa, ba laifi, amma ki sani sai kin nemi majalisar kurame da ƙafarki duk mako.

Akwai inda hanyoyin biyu suke haɗuwa, kuma shi ya sa tambayarki ta burge ni. A 2005 wani mai zanen gine-gine, Hansel Bauman, ya zauna da malamai da ɗalibai kurame na Gallaudet suka fara tattara abin da suka kira DeafSpace, wato yadda gini zai dace da mutanen da ido ne kunnensu. Abubuwan da suka fitar duk wanda ya zauna da kurma zai gane su. Mutum 2 masu hira da hannu suna buƙatar tazara don su ga juna daga kai zuwa ƙugu, saboda haka baranda sai ta yi faɗi. Suna tafiya suna kallon juna, ba sa kallon ƙasa, don haka gangara ta fi matakala, kwana mai lanƙwasa ta fi mai kaifi, tunda ba a jin takun mai tahowa. Kujerun aji a jera su kamar kofaton doki, kowa na ganin kowa. Bango ya zama launi ɗaya mai sanyi, shuɗi ko kore, wanda hannu zai fito a kansa. Haske ya bazu, kada ya doki ido. Ɗaki kada ya riƙa amsa kuwwa, domin mai na'urar ji amon yana damunsa fiye da mu.

Na taɓa zuwa tafinta wani ɗakin taro da aka kashe wa kuɗi, aka tsayar da ni gaban wata ƙatuwar taga, gefe guda ga labule mai furanni ja da ruwan gwal. Kuramen da ke zaune inuwata kawai suke gani. Wata daga cikinsu ta taso ta kama hannuna ta ja ni gaban wani bango fari fes da ke kusa da ƙofar banɗaki, a nan na ƙarasa aikin. Wanda ya tsara ɗakin ya iya ado, bai dai taɓa tunanin wani zai saurari jawabi da ido ba. Ita ma tafinta jikinta bango ne: hijabi launi ɗaya wanda ya bambanta da fatarki, mai hannu, ba zumbulelen da zai rufe yatsu ba, babu zobba da awarwaro, fuska a buɗe. Ranar aiki ko lalle mai yawan zane ina guje masa.

Ki fara da gidanku, ba sai kin jira admishan ba. Falonmu na zamani, kujeru manne da bango kowa na kallon talabijin, shi ne mafi munin wuri ga kurma. Zaman tabarma a tsakar gida, an yi da'ira, ya fi masa sau goma. Ki juya kujerun su fuskanci juna, ki ba shi wurin da bayansa ke bango idonsa na kan ƙofa, don kada a riƙa faɗo masa ta baya. Sallama ba ta isa gare shi, sai ki sa mai wayarin ya fito da makunnin fitilar ɗakinsa waje, mai son shiga ya kunna ya kashe sau 2 ya jira. Madubi ɗaya a bangon da yake fuskanta in yana karatu zai nuna masa mai shigowa. Sannan ki tuna duk daren da aka ɗauke wuta, ku kuna ci gaba da hira a duhu, shi kuwa an rufe masa baki da kunne gaba ɗaya. Ƙwan sola guda ɗaya a inda kuke zaman dare, a rataye shi sama ta gefe yadda zai haska fuskoki ba ya doki ido ba, kuɗinsa bai kai na labulen taga ɗaya ba. Ki ɗauki hoton wurin kafin ki taɓa da bayan kin gama, ki tambaye shi me ya canza, ki rubuta abin da ya ce. Shi ne shafin farko na kundin ayyukanki.